Lokacin Da Illar Magani Ke Kama Da Bugun Aljani

A Goron Dutse, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Kano, ba kasafai ake kai mai taɓin hankali asibiti ba sai an gaji da rubutun sha da turare da ruƙiyya. Duk ranar da aka ɗauki hanyar Katsina zuwa asibitin Dawanau, ko aka nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, to dangi sun riga sun jigata. Likita ya rubuta ƙwayoyi, a dawo gida, majinyaci ya samu barcin da ya daɗe bai yi ba. Bayan kwana biyu ko uku sai wuyansa ya karkace, harshe ya zazzago, idanu su kakkafe sama. Nan take gida ya ruɗe. Wannan ta ce mutanen ɓoye ne suka ƙi maganin asibiti, wancan ya ce sammu ne ya motsa. A zubar da ƙwayoyin, a koma gidan jiya.

Alhali kuwa abin da suka gani sananniyar illa ce ta tsofaffin magungunan taɓin hankali, irin su Largactil da aka fara gwadawa a birnin Faris a 1952, da Haldol da aka haɗa a Beljiyam a 1958. Aikinsu shi ne dakushe wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda yawan aikinsa ke da hannu a jin muryoyi da zargi marar tushe. Sai dai shi wannan sinadari shi ne kuma ke daidaita motsin jiki. Saboda haka jijiyoyi kan sandare, musamman ga samari, kuma allura ɗaya a asibiti kan warware lamarin cikin ɗan lokaci.

Akwai wadda ta fi wannan yaudarar ido. Majinyaci ya kasa zama wuri guda, yana safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida, ƙafafunsa ba sa natsuwa. Dangi su ɗauka ciwon ne ya tashi, su ƙara masa ƙwaya a gaban kansu, abin ya ƙara dagulewa. Wani kuma hannu ke karkarwa, tafiya ta yi nauyi, yawu na dalala. Wanda ya shekara da shekaru yana sha, bakinsa na iya kama motsi kamar mai tauna goro, kuma wannan takan ƙi barin mutum ko da an daina maganin.

Sababbin magungunan ma ba su kuɓuta ba. Olanzafin na buɗe ciki ya kawo ƙiba, har ya share wa ciwon suga hanya; mu kuwa da muke ɗaukar ƙiba alamar samun sauƙi, sai mu yi ta barka. Risfaridon kan ɗauke wa mace al'ada ko ya kawo ruwan nono ba tare da haihuwa ba. Mai karatu ya auna abin da hakan zai jawo wa budurwa a gidan da ba a yi wa kowa bayani ba.

Alamar da ba ta jiran wayewar gari ita ce zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da gushewar hayyaci. Ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa. Zafin bazarar Kano, da kan haura digiri 40, ƙarin haɗari ne ga mai shan waɗannan ƙwayoyi.

A ganina, babban giɓin yana wajen bayani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci, amma minti biyar na bayani da Hausa a bakin tagar karɓar magani ya fi kusa da talaka. A gaya wa uwa abin da za ta iya gani, da cewa likita na iya rage adadi ko ya sauya magani, kuma tsayar da shi farat ɗaya kan dawo da ciwon.

Sai kuma batun Artane, ƙwayar da ake haɗawa da tsofaffin magungunan don rage sandarewa. Ita ce matasa ke sha don maye da sunan Exol. A gidan da ke da majinyaci da kuma samari, ya kamata a san hannun da ke riƙe da mabuɗin akwatin da aka ajiye ta.