Faɗin Gani Daban, Shigar Haske Daban: Jan Hankali Ga Masu Hoto Na Bagudo

Na gaji da jin wata magana a bakin samarinmu masu ɗaukar hoto, daga Bagudo zuwa Ka'oje, har Tsamiya da Lolo a bakin iyakar Benin. Wai idan kana son hoton kokawa ya fita da kyau bayan rana ta faɗi, to ka nemi gilashi mai faɗin gani, saboda "yana kwaso wuri da yawa, don haka yana kwaso haske da yawa." Wani ƙanena ya sayar da buhunan shinkafarsa a kakar bara saboda wannan zance, ya aika aka sayo masa gilashin 10-18mm na Canon, ya shiga fage da shi yana taƙama. Da ya kawo mini hotunan ban gane wanda ya yi kaye ba, balle wanda aka kayar. Wasu inuwoyi ne kawai dishi-dishi a tsakiyar ƙura, ga kawunan 'yan kallo sun cika rabin hoton.

A taƙaice, kowane gilashin kyamara yana da lambobi iri biyu a jikinsa. Ta farko mai "mm" ce, ita ke faɗin yawan filin da zai gani: ƙaramar lamba kamar 10 ko 18 tana ganin wuri mai faɗi, babba kamar 200 tana jawo na nesa. Ta biyu ita ce lambar f, wadda ake rubutawa kamar 1:2.8 ko 1:3.5-5.6, ita ke faɗin girman ƙofar da haske ke bi. A kan ta biyun nan ne mutane ke yin sakaci.

Duk wanda ya taɓa ɗura mai a jarka ya san mazurari. Bakinsa yana iya kai faɗin faranti, amma man ba zai wuce da sauri fiye da yadda maƙogwaron ya ba shi hanya ba. Gilashi mai faɗin gani yana kallon dukan fagen, da makaɗa, da 'yan kallo, da bishiyar da ke bayansu, gaskiya ne. Sai dai duk waɗannan za su raba fuskar hoto guda ɗaya, kuma hasken da zai sauka a kan jikin ɗan kokawa bai ƙaru da komai ba don an haɗa shi da bishiya. Lambar f ce kaɗai ke yanke wannan hukunci, kuma tafiyarta a juye take: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/5.6 zuwa f/4 haske ya ninka sau biyu. Daga f/4 zuwa f/2.8 ya sake ninkawa. Ke nan gilashin f/2.8 yana shan haske ninki huɗu na mai f/5.6, shi kuwa f/1.8 ya kusa ninki goma. Wannan lissafi ne, babu ra'ayin kowa a ciki.

To, gilashin da ƙanena ya saya lambarsa f/4.5-5.6 ce. Na Nikon mai kama da shi, 10-20mm, shi ma haka. Abin takaicin, ɗan gilashin 18-55mm da ya zo tare da kyamararsa tun farko yana buɗewa har f/3.5 idan aka bar shi a kan 18. Wato ya kashe kuɗin shinkafa ya sayo abin da ya fi wanda ke hannunsa duhu.

Me ya sa haske ya zama dole haka a wasa? Saboda kaye ba ya jiran kowa. Kyamara tana da ƙiftawa irin ta ido, kuma idan ana son tsayar da mutum a iska lokacin da aka ɗaga shi, sai ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. A ƙwallon ƙafa ma an fi son ɗaya cikin 1000. Gajeriyar ƙiftawa kuwa haske kaɗan take bari ya shiga, sai an buɗe ƙofa sosai a cike giɓin. A ce ana dab da magariba, kyamara ta ba ka ɗaya cikin 60 a kan f/5.6. A wannan hasken dai, f/2.8 zai ba ka ɗaya cikin 250, f/1.8 kuma ya wuce da kai 500. Na farko inuwa zai kawo maka, na ƙarshe kuma har yashin da ke tashi daga ƙafar ɗan kokawa za ka ƙirga.

Zan yi adalci, jita-jitar tana da ɗan tushe. Gilashi mai faɗi ba ya nuna rawar hannu sosai, shi ya sa idan ka ɗauki masallaci ko shagon da ke tsaye da dare sai ka ga ya fita tas. Daga nan wani ya ɗauka gilashin ne ke "gani a duhu." Masallaci ba ya motsi, Malam. Haka ma harufan IS na Canon da VR na Nikon da 'yan kasuwa ke nuna wa mai saye da yatsa: aikinsu rage girgizar hannunka, ba su da iko a kan ɗan damben da ya kai naushi. Duk mai sayarwar da ya ce maka za su tsayar da wasa, ko dai bai sani ba, ko ya ci amanarka da gangan, kuma Allah na ganinsa.

Akwai wata ɓarna da wannan gilashi ke jawowa wadda ta fi ba ni haushi. Tunda yana mayar da komai ƙanana, mai hoto sai ya ga 'yan wasa sun zama kamar tururuwa, sai ya fara kutsawa cikin da'ira. Ka ga yaro ya tsugunna a gaban mutum biyu da suka sarƙe, ya tare wa dattawan da suka zo tun la'asar, sannan ya watsa wa 'yan wasa filasha a ido. Wannan rashin tarbiyya ne kafin ya zama rashin iya aiki. Filashar da ke kan kyamara ma ba ta wuce 'yan taku kaɗan, kuma a fagen da ƙura ta tashi, musamman da hunturu, ƙurar take haskawa, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige.

Tabbas akwai masu laifi banda gilashi: fitilar janareto mai rauni, tsohuwar kyamara, da rashin sanin inda za a tsaya.

Yanzu ga shawara. Idan kuɗinka kaɗan ne, kuma yawancinmu haka muke, nemi 50mm f/1.8. Yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗinsa, amma daga bakin da'ira zai ciko maka mutum biyu ba tare da ka taka fage ba. Mai Nikon da ke son ɗan faɗi ya duba 35mm f/1.8. A kula da wani tarko: ƙananan kyamarorin Nikon irin D3200 da D5300 ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsohon 50mm mai harafin D ba zai saita kansa a kansu ba, sai mai harafin G. Mutane da yawa sun ƙone a nan.

Idan kuwa faɗin kake so da gaske, don taron jama'a, ko makaɗa suna zuga gwani yana kirari, ko jiragen ruwa a bakin kogin Kwara da asuba, to faɗi mai haske za ka nema. Akwai Tokina 11-16mm f/2.8, akwai Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013, mai nauyi da tsada amma ya cancanci kuɗinsa. Ko da su, kada ka sa fuskar mutum a gefen hoto, don gilashi mai faɗi yana miƙe ta kamar an ja roba. Ƙwallo kuma ba aikin mai faɗi ba ne sam. Dogayen gilasan da ake gani a hannun ƙwararru a bikin kamun kifi na Argungu irin su 70-200mm f/2.8 ne. Wanda bai kai nan ba ya riƙe 70-300mm, ya yi aikinsa tun rana na sama.

Kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, ko da hakan zai sa hoto ya ɗan yi tsaki-tsaki. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki wanda aka gane fuska ya fi mai santsi da ba a san ko waye ba. Ka tsaya ta inda fitila ke bayanka tana haska 'yan wasa. Kada ka sauya gilashi a tsakiyar fage, ƙura za ta shige cikin kyamarar ta zauna. Sannan masu yawo da kyamara a bakin iyaka su kiyayi nuna ta wajen shingen jami'an tsaro ba da izini ba, wannan wata fitina ce daban.

Yawancin gilasan da ke zuwa hannunmu na gwanjo ne, wasu ta Legas, wasu ta Kwatano, garuruwan bakin teku masu laima. Laima tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, wani abu kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ya daɗe yana cinye rufin gilashin har ba ya gyaruwa. Cire murfin gaba da na baya, haska fitilar waya ta ciki, ka duba da idonka. Ɗora shi a kan kyamararka, ka gwada a cikin shago inda haske bai da yawa, ka sa wani ya yi tafiya ka ɗauke shi. Wanda ya hana ka gwadawa, mayar da kuɗinka aljihu, ko naira ce ko sefa.

Don Allah, ƙanena mai hoto, kafin kakar bana ta zo a fara buga kalangu, ɗauko gilashin da kake shirin saye ka karanta lambar da ke bayan "1:". Idan ka ga 4.5 ko 5.6, na rana ne, kada ka kai shi fagen dare.