Karayar Arziki da Rufewar Kamfanoni: Hukuncin Taflisi a Mazhabar Malikiyya

Kalmar iflasi ta samo asali ne daga falsu, jam'insa fulusu, wato ƙaramin kuɗin tagulla da ba ya sayen abin kirki. Larabawa suna kiran mutum muflisi idan dinarai da dirhamominsa suka ƙare, ya koma ba ya juya komai sai fulusu. Malaman fiƙihu sun ɗauki kalmar suka ƙuntata ta ga wanda bashin da ake bin sa ya fi abin da ya mallaka, ko da kuwa yana zaune a babban gida, shagonsa cike da kaya. Taflisi kuma shi ne hukuncin da alƙali yake yankewa na raba shi da dukiyarsa domin a biya masu bin sa. Wajibi ne ɗalibi ya bambanta wannan da i'isari, wanda yake nufin ƙuncin da mutum ba shi da abin biya kwata-kwata. Mai i'isari shi ne wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu sauƙi. Muflisi yana da dukiya, sai dai ba ta isa ba, kuma a nan ne rigima take, domin kowane mai bin bashi yana so ya riga ɗan'uwansa.

Babin yana tsaye ne a kan nassoshi 'yan kaɗan. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum da ya sayi 'ya'yan itace ya yi asara, bashi ya yi masa yawa. Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane su yi masa sadaka, abin da aka tara bai kai ba, sai ya sanar da masu bin bashin su karɓi abin da suka samu, ba su da wata hanya a kansa bayan wannan. An kuma ruwaito cewa ya sayar da dukiyar Mu'azu ɗan Jabal saboda bashi, kodayake malaman hadisi sun yi saɓani a kan ko isnadin ya sadu. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina, wanda yake sayen raƙuma da tsada don ya riga mahajjata isowa, har ya karye. Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo da safe a raba dukiyarsa a tsakaninsu. Wannan labari yana da ban sha'awa, domin gasa da son a ce ya riga kowa ne suka karya mutumin, kuma duk da haka Umar bai ƙara masa wata uƙuba a kan rabon dukiyar ba.

Imam Abu Hanifa bai yarda a hana baligi mai hankali tasarrufi da dukiyarsa saboda bashi ba. A ganinsa, alƙali zai tsare shi ne har ya sayar da hannunsa. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa, kuma a kan ra'ayinsu mazhabar ta zauna. Malik da Shafi'i da Ahmad duk sun tabbatar da hajaru, wato takunkumin da ake sa wa muflisi.

Abin da Malikawa suka yi fice da shi shi ne lura da cewa karayar arziki ba ta faruwa a rana ɗaya. Sun kasa ta matakai uku. Na farko shi ne lokacin da bashi ya kewaye dukiyar mutum, alhali ba wanda ya kai ƙara tukuna. A wannan mataki yana iya saye da sayarwa, amma masu bin sa suna da ikon hana shi kyauta da waƙafi da duk wani fitar da dukiya ba tare da musaya ba. Suna iya hana shi tafiyar da wa'adin bashi zai cika yana can, da biyan wani tun lokacinsa bai yi ba, da miƙa wa mutum ɗaya duk abin da ke hannunsa, da yin iƙirarin bashi ga wanda ake tuhumar yana son fifita shi, kamar ɗansa ko matarsa. Hikimar a fili take ga duk wanda ya san kasuwa: dukiyar wanda zai karye ba a ranar gwanjo take salwanta ba, tana zurarewa ne a watannin da suka gabaci ranar, lokacin da shi kaɗai ya san halin da yake ciki. Mataki na biyu, wanda suke kira taflisi na gaba ɗaya, shi ne masu bin bashi su taso masa su tsaya tsakaninsa da dukiyar. Na uku, taflisi keɓantacce, shi ne hukuncin alƙali, kuma ba ya yanke shi sai wani daga cikin masu bin bashi ya nema, bashin ya zama wa'adinsa ya cika, ya kuma fi abin da ke hannun mutumin.

Da zarar an yanke hukuncin, basussukan da wa'adinsu bai yi ba suna zama na nan take a wurin Malikawa, saɓanin abin da ya fi rinjaye a wurin Shafi'awa da Hambalawa. Ana sayar da kayansa yana halarce. Dabbobi da abin da ke saurin lalacewa ana gaggauta su, gidaje da filaye kuwa ana jinkirta su kimanin wata biyu don a samu farashi mai kyau. Ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ta wajaba a kansa har zuwa lokacin da ake zaton zai samu sauƙi, da tufafin da aka saba. Gidan zamansa ana sayar da shi a wurin Malik da Shafi'i, Ahmad kuwa ya ce a bar masa wanda ba zai iya rabuwa da shi ba. (Abin lura ga mu masu tara littattafai: a Muhtasar na Shehu Halilu, har littattafan malami suna shiga gwanjo.) Daga nan sai a raba kuɗin gwargwadon bashin kowa. Idan an samu naira miliyan 6, bashi kuma miliyan 12, mai bin miliyan 2 zai karɓi miliyan 1, mai bin dubu 200 ya karɓi dubu 100. Wanda ya fara ba da bashi ba ya gaban wanda ya bayar daga baya.

Akwai waɗanda ba sa shiga wannan rabo. Mai riƙe da jingina ya fi kowa haƙƙi a kan abin da ya riƙe. Haka wanda ya sayar da kaya bashi ya tarar da su yadda suke a hannun muflisi, bisa hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito. Malik ya taƙaita wannan ga wanda ya karye yana raye. Idan mai sayen ya mutu, mai kaya ya zama daidai da sauran, domin rayayye yana da wuyan da sauran masu bin bashi za su ci gaba da bi, mamaci kuwa abin da ya bari shi ne ƙarshen abin da za su samu. Sharaɗin shi ne kayan ba su sauya ba: alkamar da aka niƙa, yadin da aka yanka, ragon da aka yanka, duk sun fita daga hannun mai su. Sauran masu bin bashi kuma suna da damar biyan shi kuɗinsa su riƙe kayan, idan sun ga riba a ciki.

To, bayan an raba, ina sauran bashin? Amsar da duk mazhabobi suka haɗu a kanta ita ce yana nan a wuyan mutumin. Taflisi yana kare shi daga tsarewa da matsin lamba, Malikawa ma ba sa tilasta masa yin ƙwadago don ya biya, amma ranar da ya samu dukiya haƙƙin yana dawowa, sai fa in masu shi sun yafe. Jumhur sun fahimci hadisin Abu Sa'id a kan cewa ba su da wani abu a kansa a wannan lokacin, ba wai bashin ya faɗi ba. Wannan ne babban abin da ya raba fiƙihu da dokokin Ingila da Amurka, inda kotu take iya wanke mutum daga ragowar bashinsa.

Matsalar ta ƙara zurfi da zuwan kamfani mai iyakantaccen alhaki. Ingila ta yi dokarsa a 1855, kuma shari'ar Salomon ta 1897 ta tabbatar da cewa kamfani mutum ne a idon doka, dabam da masu hannun jarinsa. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan kamfani ya karye, masu bin sa ba su da hanyar zuwa aljihun masu shi. Ana sayar da kadarori, a raba, a soke sunan kamfanin daga rajista, ragowar bashin kuma ya rasa wuyan da zai rataya. Fiƙihun da muka karanta ya ginu ne a kan zimmar ɗan Adam, wadda ba ta ƙarewa da rufe shago. A nan ga zimma da aka ƙirƙira da takarda, ana kuma kashe ta da takarda.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta halatta kafa irin wannan kamfani, hujjarta kuwa ita ce masu hulɗa da shi sun san iyakar alhakinsa, kuma sanin yana kawar da garari. Mufti Taƙi Usmani na Pakistan ya nemo masa misalai daga tsohon fiƙihu: waƙafi da baitulmali, waɗanda suke mallaka kuma ake bin su bashi alhali ba mutane ba ne, da dukiyar mamaci da bashi ya cinye, wadda ba a wuce ta a bi magada. Wasu masana, irin su Imran Niyazi, sun yi masa raddi, suna ganin cewa wanda ya ci riba ba iyaka bai kamata a iyakance masa asara ba. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain kuma ta ware ma'auni na 43 daga ma'aunanta na shari'a ga batun iflasi.

A ganina hujjar majalisar tana da ƙarfi, amma ƙarfinta yana tsayawa inda sanin ya tsaya. Bankin da zai ba kamfani rance yana da lauyoyi, yana duba littattafan kamfanin, yana karɓar jingina, wani lokaci har ya sa daraktoci su tsaya da kansu. Wannan ya shiga da saninsa. Amma leburan da ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa, wanda haƙƙinsa na sallama yake taruwa a littafin da bai taɓa gani ba, da wuya a ce ya yarda da iyakar alhakin a ma'anar yardar da take kawar da garari. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957 a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ta rufe a 2002, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru masu yawa suna neman haƙƙoƙinsu, da yawansu sun rasu ba su karɓa ba. Tsadar makamashi da tsufan injuna da kwararowar yadin waje su ne dalilan da aka fi ambata a durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. Ko mene ne dalilin, tambayar fiƙihu ita ce wa za a fara biya daga abin da ya rage.

A nan littattafanmu ba su yi shiru ba, sai dai ba su faɗi abu ɗaya ba. Malikawa sun ba mai sana'a fifiko a kan abin da ke hannunsa, kamar tela da rigar da ya ɗinka, har ya karɓi ladansa. Sun gabatar da mai ban-ruwa a kan amfanin gonar da ya raya, gaban mai jingina ma, bayan mai filin. Amma makiyayin da aka ɗauka haya sun bar shi daidai da sauran masu bin bashi. Abin da ya bambanta su shi ne ko aikin mutum ya zauna a jikin dukiyar, ko dukiyar tana riƙe a hannunsa. Ma'aikacin masana'anta ya fi kama da mai ban-ruwa a kan yadin da ke cikin sito, domin da guminsa aka same shi, amma ya fi kama da makiyayi a kan fili da gine-gine. Ƙiyasi kaɗai ba zai kai shi ga cikakken fifiko ba. Abin da zai kai shi shi ne maslaha da hukuncin shugaba, kuma ina ganin dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, da ta sanya albashin ma'aikata cikin basussukan da ake gabatarwa a kan na sauran marasa jingina, ba ta ci karo da wata ƙa'ida ta shari'a ba. Haka dillalin audugar da ya kai kaya bashi: idan dilolinsa suna nan ba a taɓa ba, hadisin Abu Huraira yana tare da shi, idan an kaɗa su zare kuwa ya shiga layi.

Matakin farko na Malikawa shi ne ya fi dacewa da kamfanin zamani. Daga ranar da daraktoci suka san bashi ya kewaye kadarori, raba riba ga masu hannun jari, da ƙarin alawus ga kansu, da sayar da filin kamfani da arha ga makusanci, duk suna cikin hukuncin kyautar wanda bashi ya kewaye, kuma masu bin bashi suna da haƙƙin warware su. Darakta wakili ne kuma amintacce, amintacce kuwa ba ya lamuni sai da ta'addanci ko sakaci. Idan ɗayan biyun ya tabbata, lamunin yana hawa wuyansa shi kansa, ko da kamfanin ya daina wanzuwa.

Sai dai a Nijeriya, rushe kamfani mai rajista yana ƙarƙashin ikon Babbar Kotun Tarayya ne kaɗai, bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, don haka alƙalin kotun shari'a ba zai zauna a kansa ba. Inda babin taflisi yake aiki kai tsaye shi ne a kan ɗan kasuwar da ke juya dukiya da sunansa, irin waɗanda suka cika Kantin Kwari da Singa, ko wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai. Irin wannan ba shi da iyakantaccen alhaki ko a dokar ƙasa. Idan ya karye, ana raba abin da ya mallaka gwargwadon bashin kowa, ragowar tana wuyansa, kuma idan bashin bai samo asali daga saɓo ko almubazzaranci ba, yana cikin garimai, masu kaso a zakka bisa aya ta 60 ta Suratut Tauba.