Radiyam da Bismut: Wanne Ne Abin Tsoro?

Akwai maganganu biyu da kan tayar wa mutane hankali, kuma sau da yawa a tare ake jin su. Ta farko ita ce wai carbin nan mai haske da dare, da agogon da hannayensa ke ƙyalli a duhu, duk radiyam ne a jikinsu, mai riƙe su yana gayyato wa kansa ciwon daji. Ta biyu ita ce wai maganin ɓacin ciki mai launin ruwan hoda, irin Pepto-Bismol, yana ɗauke da wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya da ake kira bismut, don haka shi da radiyam duk kanwar ja ce. Kowace daga cikinsu tana da ɗan guntun gaskiya, kuma wannan guntun ne ya sa suka ƙi mutuwa.

Mu fara da ta biyun, domin ita ta fi ɗaure kai. Gaskiya ne bismut yana fitar da tururin nukiliya. Shekara da shekaru littattafan kimiyya suna koyar da cewa shi ne mafi nauyin sinadarin da ƙwayar zarrarsa ba ta rushewa. A 2003 wasu masu bincike a Orsay, kusa da birnin Paris, suka sanyaya wani dunƙule mai ɗauke da bismut har sanyin ya kusa ƙurewa, suka ga ashe yana rushewa. Sai dai irin nawarsa ta wuce misali. Kafin rabin bismut ɗin da ke hannunka ya rushe, sai an yi shekaru biliyan 20 har sau biliyan ɗaya, alhali masana taurari suna ƙiyasta shekarun sararin samaniya kaf a biliyan 13.8. In aka ajiye kilo guda na bismut a kan tebur, ƙwayar zarra ɗaya tak ce za ta fashe a cikin kusan minti biyar.

To ga radiyam. Giram ɗaya kacal, ƙwayoyi biliyan 37 ne ke fashewa a cikinsa a kowace daƙiƙa. Kai, ko jikin ɗan Adam ya fi bismut fitar da tururin nesa ba kusa ba, domin sinadarin fotasiyam da muke samu a abinci yana sa ƙwayoyi wajen 4,000 su fashe a jikin babban mutum duk daƙiƙa. Wanda zai bar maganin ciki don tsoron tururin bismut, sai ya fara da gudun kansa. A ganina nan ne masu yaɗa maganar suka yi wa mutane rashin adalci: sun faɗi sunan abu, sun ɓoye yawansa, alhali a wannan fanni yawan shi ne labarin gaba ɗaya.

Haɗa sunayen biyu da ake yi ma yana da asali. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suna tace wani baƙin dutsen yuraniyam da ake haƙowa a Joachimsthal, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Suka ga kason da bismut ya taru a ciki yana fitar da tururi mai ƙarfi. Da suka bi sawu, sai ya zamana wani sabon sinadari ne ya laɓe a cikin bismut ɗin, suka raɗa masa suna foloniyam a watan Yuli. A Disambar wannan shekara suka gano radiyam a wani kaso daban. Ban da haka, idan radiyam yana rushewa yakan riƙa rikiɗa mataki-mataki har ya ƙare a dalma, kuma a kan hanya yana bi ta wasu nau'o'in bismut masu gajeren rai da zafin tururi. Waɗannan ba su ne ake haƙowa a sa a magani ba. Haka kuma gaskiya ne daga bismut ake ƙera foloniyam, gubar da aka kashe Alexander Litvinenko da ita a Landan a 2006, amma wannan aiki sai a tukunyar nukiliya. Cikin mutum ba ya yin sa.

Ɓarnar radiyam kuwa ba jita-jita ba ce, tana rubuce a takardun kotu. Tun daga 1917, a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka, kamfanin United States Radium Corporation ya ɗauki 'yan mata suna shafa fenti mai radiyam a lambobin agogo, domin sojoji su iya duba lokaci cikin dare. Lambobin ƙanana ne, sai da buroshi mai tsinin baki, don haka aka koya musu su riƙa murza bakin buroshin a leɓensu kafin su tsoma shi a fenti. A murza, a tsoma, a shafa, tun safe har yamma. An ce musu babu illa. Wasu har shafa fentin suke yi a farce da haƙori don wasa, yayin da masana sinadaran kamfanin ke aiki da awartaki a bayan allon dalma.

Abin da ya cuce su shi ne kamar da radiyam ke yi da kalsiyam. Jiki ba ya bambanta su, sai ya kwashi radiyam ya kai shi ƙashi ya ajiye, a nan zai zauna yana harbin ɓargo daga ciki dare da rana. Haƙora suka fara zubewa, ramin haƙorin ya ƙi warkewa, muƙamuƙi ya ruɓe har likitan haƙori ya iya ɗago shi da yatsa, kamar yadda ya faru da Mollie Maggia wadda ta rasu a 1922. Grace Fryer da abokan aikinta huɗu suka kai ƙara, a 1928 aka sasanta a kan dala 10,000 ga kowacce, da dala 600 duk shekara. A daidai lokacin kuma ana sayar da wani ruwa mai radiyam, Radithor, a matsayin maganin ƙarfin jiki. Wani attajiri ɗan Pittsburgh, Eben Byers, ya sha kwalba kusan 1,400, ya rasa mafi yawan muƙamuƙinsa, ya mutu a 1932.

Batun carbi mai haske fa? Wannan ƙarya ce. Da ma koren hasken da ake dangantawa da radiyam ba nasa ba ne, na wata hoda ce ta tutiya da farar wuta da ake gauraya shi da ita, tururinsa yana dukanta tana ƙyalli. An daina sa radiyam a agogo tun wajen ƙarshen shekarun 1960. Kayan roba masu haske na yau wata hoda ce a cikinsu mai shan hasken rana ko na fitila, ta riƙa sakinsa a hankali. Gwajin ba wuya: kulle carbin a akwati kwana biyu, ka buɗe cikin duhu. Za ka same shi a mace sai an sake haska shi. Da radiyam ne ke ciyar da shi, ba ya bukatar fitilar kowa.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne akasin haka. Tsohon agogo ko kamfas na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda fentin lambobinsa ya koma ruwan ƙasa ya daina haske, yana iya kasancewa cike da radiyam. Hodar ce ta lalace, shi kuwa radiyam sai bayan shekaru 1,600 rabinsa ke ƙarewa. Irin wannan ba a buɗe gilashinsa, ba a kankare fentinsa, ba a ba yaro ya yi wasa da shi. Masu raɗe-raɗin cewa tsohon agogo na iya zama silar arziki su ma su huta. An yi zamanin da giram ɗaya ya kai dala 100,000, kuɗin da matan Amurka suka tara suka saya wa Marie Curie a 1921, amma yau wanda ke da shi biya yake yi a raba shi da shi. A yankinmu, inda radiyam yake da gaske shi ne tarin dusar ma'adinai na Arlit da Akokan a arewacin Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyam a 1971. In an tsame yuraniyam, radiyam a dusar yake zama, yana fitar da iskar radon mai haddasa ciwon dajin huhu.

Masu cewa radiyam magani ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. An daɗe ana ƙona ciwon daji da shi, musamman na bakin mahaifa, kafin wasu sinadarai masu sauƙin sarrafawa su maye gurbinsa. A 2013 Amurka ta amince da allurar wani nau'insa, mai lamba 223, ga maza masu ciwon dajin 'prostate' da ya bazu zuwa ƙashi. Halin nan na bin ƙashi shi aka juya ya zama amfani, kuma rabin wannan nau'in yana ƙarewa cikin kwana 11.

Shi bismut, maƙwabcin dalma ne a jerin sinadarai, nauyinsu ya yi kusa, an ma daɗe ana ɗaukar su abu ɗaya har sai da Claude Geoffroy ya raba su a 1753. Duk wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 yana da hujjar ɗar-ɗar da ƙarfe mai nauyi. Amma bismut ne ma ake sakawa a madadin dalma a harsashin farauta da kan famfo da dalmar walda, saboda ƙarancin gubarsa. Yana narkewa a zafin digiri 271, in an haɗa shi da wasu ƙarafa ana samun gauraye mai narkewa a digiri 70, wanda akan toshe bakin bututun kashe gobara da shi. Ɗaya daga cikin gishirinsa ne ke ba hodar kwalliya da jan farce sheƙi. Dunƙulen nan mai hawa-hawa da launin bakan gizo da ake tallarsa a intanet wai dutsen waraka ne, narkarwa aka yi aka bar shi ya huce, launin kuwa siririn tsatsa ne a samansa.

Kada dai a ɗauka ba shi da illa sam. A shekarun 1970 ɗaruruwan mutane a Faransa sun sami ruɗewar ƙwaƙwalwa da karkarwa bayan sun daɗe suna shan gishirin bismut da yawa. Maganin ruwan hodan nan kuma rabinsa dangin asfirin ne, shi ya sa ba a ba yaro mai mura ko ƙarambau, ko wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin. Likitoci suna haɗa bismut da wasu magunguna don kashe ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, amma na kwanaki ƙididdigaggu.

Abin da ya fi firgita masu shansa shi ne su wayi gari harshe ya yi baƙi, bayan gida ma baƙi ƙirin. Bismut ne ya haɗu da ɗan sinadarin farar wuta da ke cikin yawu da hanji, kuma yana gushewa 'yan kwanaki bayan an daina sha. Sai dai gyambon ciki mai zubar da jini shi ma baƙin bayan gida yake kawowa, mai yauƙi da ɗoyi, sau da yawa tare da jiri da kasala. Mai gyambon ciki da ya ga haka kada ya ɗora wa magani laifi ya zauna a gida, asibiti ya kamata ya nufa a ranar.