Kara, Harawa da Dusa: Yadda Za Ka Fid da Bisashenka Daga Rani

Ya kai manomi, ya ke uwargida mai turke rago a bayan ɗaki, wannan magana taku ce.

Ka tuna da watan Afrilu da na Mayu. Rana ta take, haki ya ƙare a daji, sanka na noma ya rame har kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ruwan farko ya sauka, lokacin aiki ya yi, amma san da zai ja garma ba shi da ƙarfi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wani kuma tilas ta sa ya kai tunkiya kasuwar Junju ko ta Gaya, ya sayar da ita da araha, don ya sayi dusar da zai ba sauran.

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Matasa sun ga asarar bisashe ta 2010. A ƙarshen watan Yuli na 2023 kuma aka rufe iyakokin Benin da Nijeriya, motoci suka daina ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, kaya suka yi tsada. Wanda ya dogara ga buhun dusa na kasuwa kaɗai ya ji a jikinsa.

Alhali kuwa yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A nan Karakara, cikin Dallol Mawri, muna noma hatsi da dawa da wake da gujiya, muna da rogo da rake a fadama. Kowane ɗaya daga cikinsu yana barin abincin bisa bayan an ɗebe na mutane. Abincin yana nan. Mu ne muke barin rana da gara da wuta su cinye shi.

Me ya sa bisa ke ramewa alhali cikinta cike yake?

Saniya da tunkiya da akuya masu tuƙa ne. A cikin tumbinsu akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar da kara da haki, su mai da su ƙarfi da nama da nono. Amma su ma suna bukatar nasu abinci, watau abin gina jiki, wanda malamai ke kira furotin. In babu shi, sai aikinsu ya yi sanyi. Kara ya daɗe cikin tumbi bai narke ba, bisa ta rage ci, ta soma ramewa.

Masu bincike sun auna. A cikin kilo 100 na busasshen karan hatsi, abin gina jiki bai wuce kilo 4 ko 5 ba. Tumbi kuwa ba ya aiki sosai sai ya samu kamar kilo 7 cikin 100. Harawar wake mai ganye tana da kilo 12 ko fiye. Ka ga ke nan, kara kaɗai cika ciki ne. Sai an haɗa masa da ɗan abu mai daraja kafin ya yi amfani.

Abin da aka gani a Sadore

Sadore wani gari ne mai nisan kilomita 45 kudu da Yamai. A can cibiyar binciken noma ta ICRISAT take da babbar tasha. Masanan kiwo na cibiyar ILRI, tare da na INRAN, watau cibiyarmu ta binciken noma da aka kafa a 1975, sun yi gwaji da ragunan Uda. Sun raba su kashi kashi. Waɗansu aka ba su hakin daji kaɗai. Waɗansu aka ƙara musu harawar gujiya. Waɗansu kuma aka ba su harawa da dusar hatsi tare. Ana ɗora su a sikeli lokaci lokaci. An buga sakamakon a 2007 da 2008.

Ragunan da suka ci hakin daji kaɗai, ko da yake an ba su har sun bari, raguwa suka yi. Waɗanda aka ƙara wa harawa sun ƙaru. Waɗanda suka samu harawa da dusa tare su ne suka fi ƙiba.

To, ga ma'aunin da za ka fara da shi ga rago mai kilo 25 zuwa 30. A kowace rana: harawa kamar giram 300, dusa kamar giram 400, haki ko sararren kara gwargwadon abin da zai ci, ruwa mai tsabta, da ɗan gishirin Foga ko kanwa. Ka je wurin mai sikeli sau ɗaya, ka auna, ka sa alama a jikin kwanonka. Ka raba dusar biyu, safe da marece. Wata biyu zuwa uku sun isa turka. In ta wuce haka, ragon zai cinye ribarka. Kafin ka turke shi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, don kada ka yi ta ciyar da tsutsa.

Harawa: ka noma ta, ka kuma san ajiyarta

Akwai irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa duka biyu. INRAN ta fitar da irin da ake kira TN5-78. Cibiyar IITA ma ta yi shekaru tana wannan aiki a tasharta ta Kano. Ka tambayi malamin gona irin da ya dace da ƙasarka. Mai fili a fadama yana iya shuka waken lablab, wanda malaman gona ke kira dolik, bayan damina. Yana jure ƙishi, ganyensa kuma yana daɗewa kore. Mutanen bakin kogi, wajen Gaya, suna da burgu. Ana dasa shi, ana yanka, ana shanyawa.

Darajar harawa a ganye take. Saboda haka:

1. Ka yanke ta da zarar ka tsinke wake, tun ganyen yana kore bai zube ba.
2. Ka shanya ta kwana 2 ko 3 kawai, ka ɗaure dami dami da sanyin safiya, don kada ganye ya kakkarye.
3. Ka ajiye ta a rumbu ko ƙarƙashin rumfa, bisa itace, ba a ƙasa ba. Harawar da ta yi wata huɗu a kan rufi cikin rana ta yi fari, ƙarfinta ya tafi.

Haka ma hakin daji. Wanda aka yanka a watan Satumba, yana soma fure, ya fi wanda aka share a watan Janairu nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kara: ka sare shi kafin ka bayar

In ka jefa wa saniya dogon kara, ganyen za ta ci, ta tattake sauran. Ka sare shi guntu guntu kamar tsawon yatsa. In akwai injin niƙa kara a kusa, ku haɗa kuɗi ku niƙa. Ka yayyafa masa ruwan gishiri kaɗan, ka cakuɗa da dusa. Ƙoshiyar rake da ganyensa, waɗanda ake zubarwa a fadama lokacin sara, su ma haka za ka yi musu. San noma mai kilo 250 yana bukatar busasshen abinci kamar kilo 6 a rana.

Akwai kuma dabarar gyara kara da takin zamani fari da ake kira ure. Ta kusan ninka abin gina jikin da ke cikinsa, ta kuma tausasa shi. Ga yadda ake yi:

1. Ka gina rami ko ɗan rumbun laka marar ƙofa.
2. Ga kowane kilo 100 na sararren kara, ka narkar da ure kilo 5 cikin ruwa lita 50, watau jarka biyu masu lita 25.
3. Ka zuba kara sahu sahu, kana yayyafa ruwan, kana tattakawa.
4. Ka rufe da leda, ka danne da ƙasa, kada iska ta shiga.
5. Bayan sati 3 ka buɗe. Ka ɗebi na gobe yau, ka baza a inuwa warin ya fita.

Ka yi hattara. Ure guba ce in bisa ta ci ta zalla ko ta sha ruwanta. Kada ka ba ɗan maraƙi ko ɗan rago da bai soma tuƙa ba. Karo na farko, ka yi aikin tare da malamin kiwo.

INRAN ta kuma fito da wani dunƙulen abinci, aikin Dokta Abdu Ɗan Gomma da abokan aikinsa. Ana niƙa kara da harawa da ƴaƴan gawo, a haɗa da dusa da tunkuzar auduga da gishiri da farar ƙasa, a ɗaure da ƙaro ko garin rogo, a danne a shanya. Dunƙulen ba ya cin wuri, yana kuma ajiyuwa watanni. Aiki ne da ya dace da ƙungiyar mata ko ta matasa.

Ragowar abincin gida

Uwargida, abin da kike zubarwa kullum yana da daraja. Ƙasarin hatsi, ƙanzon tukunya, sauran tuwo, ƙowar wake, ɓawon dankali, tunkuzar gujiya bayan kin matse mai, duk abincin bisa ne. Ki shanya sauran tuwo ya bushe ƙarau, ki adana. Amma kaɗan kaɗan za ki riƙa bayarwa. Tunkiyar da ta cika ciki da tuwo ko hatsi lokaci ɗaya, cikinta yakan yi tsami ya kumbura, tana iya mutuwa kafin gari ya waye.

Ɓawon rogo ma abinci ne mai ba da ƙarfi, sai dai ɗanyensa yana da guba, balle na rogo mai ɗaci. A Ibadan ta Nijeriya, a 2015, masanan ILRI da IITA sun nuna cewa in aka goge ɓawon, aka zuba a buhu aka danne ruwan ya fita, aka baza a rana, yana bushewa cikin awa 6 zuwa 8 maimakon kwana 2 ko 3, gubar kuma ta ragu ƙwarai. Kilo 3 na ɗanye yana ba da kamar kilo 1 na busasshe. Amma abin gina jikinsa kaɗan ne, don haka a haɗa shi da harawa.

Abubuwa huɗu masu kashe bisa

Na ɗaya, abincin da ya yi fumfuna. A 1960, a Ingila, talotalo wajen 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gujiya mai fumfuna. Daga nan aka gano gubar da ake kira afalatoksin. Tana lalata hanta, tana kuma fita cikin nonon da yaranka za su sha. Dusa ko gujiya ko masarar da ta yi kore ko baƙi, a binne ta.

Na biyu, leda. Akuyar da ke kiwo a juji tana haɗiye leda, ledar ta dunƙule cikin tumbi. Ka tambayi mahauta abin da suke tararwa. Bisa tana ci amma tana bushewa, ba maganin da zai narkar da ita.

Na uku, gyauron dawa. Sabon tohon da ke fitowa bayan girbi yana da guba irin ta rogo. Ka hana bisashe shiga har ya girma ko ya bushe.

Na huɗu, sauran nama da ƙashi da ragowar abincin da ba ka san inda ya fito ba. A 2001, a Ingila, ciwon baki da kofato ya tashi daga wata gonar da aka ciyar da aladu da ragowar abinci ba tare da an dafa ba. Sai da aka kashe bisashe fiye da miliyan 6. Mai tuƙa ba ya bukatar nama ko kaɗan.

Kada ka manta da haƙƙin gona

In ka kwashe kara kakaf, iska za ta ɗebe ƙasar gonarka. Gwaje-gwajen Sadore sun nuna cewa karan da aka bari shimfiɗe a gona yana tare ƙasa, yana kuma ƙara amfanin hatsi. Don haka ka ɗauki sama da ganye, ka bar gindi mai kauri, wanda dā ma bisa ba ta cinsa. Takin da ya taru a turke kuma ka mai da shi gona kafin ruwa ya sauka. Ka bar gawo ya tsaya a gonarka, domin ƴaƴansa suna zuba da rani, daidai lokacin da ake nemansu.

Gani ya kori ji. Bana ka ware harawa dami goma a inuwa. Ka turke rago ɗaya bisa ma'aunin nan, ka bar ɗan'uwansa yadda ka saba. Tun da ka yi yaƙi da jahilci, ka rubuta abin da ka kashe a littafi, ka rubuta kuɗin da aka taya kowannensu ranar kasuwa. Sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ka nuna masa lissafinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare mana dukiyarmu.