Yadda Turawa Suka Buɗe Kogin Kwara, Suka Rufe Shi Ga Masu Shi

Duk wanda ya hau dutsen Patti a Lakwaja ya hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, da wuya ya gaskata cewa a kan wannan ruwa ne aka soma cinikin da ya ƙare da cin ƙasar Arewa. Littattafan Turawa sun ce su ne suka buɗe kogin. Amma fa tun ba su san inda bakinsa yake ba, Nufawa da Kakanda da Igala suke hawa suna gangarawa da jiragensu, ɗauke da kanwa da tufafi da hauren giwa, har da bayi.

Shekaru aru-aru Turawa suna ciniki a bakin teku ta hannun dillalai, ba su da hanyar shiga cikin ƙasa. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwale-kwale daga Busa, suka bi Kwara har teku. Jin haka, wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya shigo da jirage biyu masu tafiya da tururi a 1832. Turawa 48 suka taso, tara kaɗai suka tsira da rai. A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku da niyyar kafa gona kusa da mahaɗar kogunan, zazzaɓi ya kashe mata mutum fiye da 40, aka watse.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne kwinin. A 1854 Dakta William Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa wannan magani kullum, ya komo ba wanda ya mutu. Daga baya ya zauna a Lakwaja da yardar Etsu Nufe Masaba, ya kafa kasuwa. A wancan zamani Bature baƙo ne, ba ya saye ba ya sayarwa sai da izinin sarki.

Da kamfanoni suka yi yawa a kogin, gasa ta sa kayan ƙasa suka yi daraja, ribar Turawa ta ragu. Saboda haka a 1879 George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila suka zama ɗaya, a 1884 kuma ya saye na Faransawa. A taron Balin da aka kammala a 1885, ƙasashen Turai suka rattaba hannu cewa jirgin kowace ƙasa yana da ikon bin Kwara, aka danƙa wa Ingila kula da gangaren kogin. Ita kuwa a 1886 sai ta ba kamfanin Goldie, wato Royal Niger, takardar izinin mulki. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Takardar ta hana kamfanin kankane ciniki, amma ta ba shi ikon karɓar kuɗin fito. Da wannan ya yi aiki. Ya aza lasisi mai tsada da haraji a kan duk wanda ya zo ciniki daga wajen yankinsa, ko Bature ko baƙar fata. Fataken Ikko suka janye. Mutanen Nembe, waɗanda tun kaka da kakanni suke sayen manja a kasuwannin kogin, suka wayi gari an mai da su 'yan fasa-ƙwauri, ana kama jiragensu. Da tura ta kai bango, a watan Janairu 1895 Sarki Koko ya auka wa tashar kamfanin a Akasa. Sojan ruwan Ingila suka rama, suka ƙone Nembe.

Nufe ma ba ta tsira ba. A 1897 dakarun kamfanin suka ci Bidda, birnin Masaban da ya ba Baikie masauki, suka wuce suka ci Ilori. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Aka karɓe mulki daga hannun kamfanin, aka biya shi fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinai na wani babban yanki har shekara 99.

Shi kansa kogin bai daɗe da wannan daraja ba, domin manyan jirage ba sa hawa sai ruwa ya cika. Hanyar jirgin ƙasa da aka faro daga Baro ta isa Kano a 1911, aka haɗa ta da ta Ikko. Gyaɗa ta bi dogo zuwa teku, ayarin raƙuman Tarabulus kuma ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Ya kamata masu sa hannu a yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje su riƙa tunawa da Nembe. A takarda an ce kogin na kowa ne. Amma wanda ya riƙe tashar fito, shi ya yanke wanda zai wuce.