Gansakuka a garkar gida: a duba hanyar ruwa kafin a shuka

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, daga Ƙonni zuwa Gaya, ƴan kasuwa da dama sun ware wani lungu a gida sun yi ƴar garka, don a rage kuɗin cefane. Amma da Agusta ta yi nisa sai mu riƙa jin kuka iri ɗaya daga masu sauraronmu: ƙasa ta yi kore shar da gansakuka, tumatir ya yi yaushi, albasa ta ruɓe.

Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sa yaro ya kankare ta da fartanya. Bayan mako guda ta dawo. Gansakuka ba ita ke kashe shuka ba, alama ce kawai cewa ruwa yana kwana a wurin, rana ba ta isa, ƙasa kuma ta danƙare. Saiwa tana buƙatar iska. In ta daɗe cikin ruwa sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mai gida ya ƙara zuba ruwa.

Gwajin ba ya cin ko dala. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Idan gari ya waye da sauran ruwa a ciki, wurin nan bai dace da tumatir, tattasai ko zogale ba, sai an ɗaga kunya kamar santimita 20 zuwa 30, an cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Zuba ɗan yashi kan laka, wanda wasu ke yi, sau da yawa tauri yake ƙara mata. Wanda bai iya ɗaga kunya ba ya shuka gwaza ko ayaba, su suna jure damshi.

Sai a ɗaga kai a dubi indararo. Ina yake zuba? Rariyar da ke fitar da ruwa waje a buɗe take, ko leda ta toshe ta? A nan ne muke ganin ɗan kasuwa ya fi kowa abin asara, domin sau da yawa garkar tana jingine da bangon ɗakin da yake ajiye buhunan wake ko dilar atamfa. Damshi yana hawa bango a hankali, kuma wanda ya ga gidajen ƙasa da suka rushe a Maraɗi da Damagaram a daminar 2024 ya san ƙarshen zancen. A bar aƙalla mita 1 tsakanin kunya da bango, gangaren ya fuskanci rariya. Ruwan da ya kwanta fiye da mako kuma, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

In za a tafi cin kasuwa na kwana biyu ko uku, a gaya wa yara su tura yatsa cikin ƙasa kafin su ba da ruwa. In da sanyi, su ajiye bokiti.