Wa ya ɗauki hotunan Bamako?

A 1991 aka baje kolin fasahar Afirka a birnin New York. Cikin kayan akwai wasu 'yan hotuna baƙi da fari na mutanen da suka ci ado, zaune cikin natsuwa da isa. A ƙarƙashinsu an rubuta cewa daga Bamako suke, amma ba a san wanda ya ɗauka ba. Wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan kakanni a bangon falo a Yolde Pate ko Jimeta ya san wannan rashi: fuskar tana nan, sunan mai hoto ya ɓace.

Jean Pigozzi, wani attajiri mai tara kayan fasaha, da ya ga hotunan bai haƙura ba. Ya tura wani mai suna André Magnin Mali da kwafin hotunan. A Bamako, Magnin ya kai su wurin Malick Sidibé, mai hoto kuma mai gyaran kyamara. Da ganinsu Sidibé ya ce aikin Seydou Keïta ne, kuma yana nan da ransa a unguwar Bamako-Kura. Aka je aka tarar da dattijon, da dubban fina-finan hotunansa a adane.

Nan wata tambayar ta taso. Su wane ne waɗannan masu hali haka a Bamako ta shekarun 1950? Ga mai rediyo, ga mai Vespa, ga mai jingina da mota. Sai da aka jera hotunan aka lura rediyo guda ce take yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Kwat ɗin ma ana sake ganinsa a jikin wani. Ashe Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya tanadi kwat, agogo, alƙalami, rediyo da furen roba don masu zuwa su ara. Har motarsa, Peugeot 203, a kan tsaya a gefenta a ɗauka.

Ni ban ga yaudara a nan ba. Talakan da ke ƙarƙashin mulkin Faransa ya biya kuɗinsa ya zaɓi kamannin da za a tuna shi da su, kuma Keïta ya ba shi girman da ya nema, galibi da hasken rana kawai.

Saura shekarun, don bai rubuta kwanan wata ba. Labulen baya ne ya warware wannan. Da zanen gadonsa ya fara, daga baya yana sauya ƙyalle bayan 'yan shekaru, saboda haka zanen labule kan nuna masa lokacin da aka yi hoton. A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, shagon kuma ya rufe a 1963.